Kwal a ƙarƙashin Daura? Abin da duwatsun yankin ke faɗa ya sha bamban da abin da ake yaɗawa

Buhun gawayi ya yi tsada a Daura, itacen girki ya yi nisa, iskar gas kuwa ta zama ta masu hali tun bayan da farashin komai ya tashi a 2023. A irin wannan yanayi duk maganar da ta yi alƙawarin makamashi mai araha tana samun masu saurare.

Shi ya sa idan masu haƙar rijiyar burtsatse suka kai wani zurfi, injin ya fara amayar da baƙar laka, ba a jimawa wani zai zaro waya ya ɗauki bidiyo. Kafin la'asar hoton ya zagaya zaurukan WhatsApp, da rubutu a ƙasansa cewa arziki ya zo, an samu kwal. Mai gonar da ke kusa ya fara lissafi, dillalai su fara zarya, wani kuma ya ce ai dama an daɗe da sani, ɓoyewa ake yi.

Fatan alheri ga garin mutum ba laifi ba ne. Amma ƙasa tana da tarihinta a rubuce cikin duwatsu, kuma wanda ya karanta na masarautar Daura zai ga cewa ba ƙasar kwal ba ce. Gara a faɗi wannan a fili, domin jiran arzikin da ba ya nan yana ɗauke hankali daga wanda yake nan, wanda kuma ake wasa da shi.

Yadda kwal ke samuwa

Kwal ba dutse ba ne irin sauran duwatsu. Asalinsa tsirrai ne. Sai an samu fadama mai faɗi, mai cike da itatuwa da ciyayi, wadda ruwanta ke kwance ba ya gudu. Ganye da reshe da saiwa su riƙa faɗawa cikin ruwan, iska ba ta kai gare su, don haka ba sa ruɓewa gaba ɗaya. Su taru, su zama wani baƙin dagwalo mai kauri.

Wannan taruwa tana tafiyar hawainiya. Masana sun ƙiyasta cewa a fadamu da yawa dagwalon ba ya ƙaruwa da fiye da kimanin milimita 1 a shekara. Sannan idan yashi da laka suka binne shi, nauyi da zafin ƙasa suka matse shi, kimanin mita 10 na dagwalo ne ke komawa mita 1 na kwal. Ke nan shimfiɗar kwal da ba ta wuce ƙugun mutum ba tana iya zama aikin fadamar da ta yi shekara dubu 10 ba ta bushe ba, ba kuma ambaliya ta share ta ba.

Akwai sharaɗi na biyu da ba a cika ambata ba. Dole ƙasan wurin ya riƙa nutsewa a hankali, daidai da yadda dagwalon ke taruwa. In ya nutse da sauri, ruwa mai zurfi ya haɗiye dajin. In bai nutse ba, fadamar ta cika ta bushe, abin da ya taru ya ruɓe. Wannan daidaito ba ya samuwa sai a cikin manyan kwaruruka na ƙasa, inda yashi da laka suka yi ta taruwa hawa-hawa har kaurinsu ya kai ɗaruruwa ko dubban mitoci.

Daga nan sai maganar nuna, kamar ta ɗan itace. Wanda bai binnu da zurfi ba yana fitowa ɗanye, launin ƙasa-ƙasa, cike da danshi, ga hayaƙi ga ƙarancin zafi. Wanda ya ƙara zurfi ya daɗe shi ne baƙi mai ƙyalli da ake so a masana'antu.

Me ke ƙarƙashin Daura?

Mafi yawan Jihar Katsina tana zaune ne a kan tsohon tushen dutse, irin falalen da ake gani ya leƙo a wurare da dama, wanda ake fasawa a yi tsakuwar kwalta da ta gini. Masana sun ƙiyasta cewa babban sauyin ƙarshe da ya ƙera waɗannan duwatsu ya faru ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. A lokacin babu itace ko ɗaya a doron ƙasa. Dazuzzukan farko ba su bayyana ba sai bayan fiye da shekara miliyan 200. Neman kwal a cikin dutsen da ya girmi kowane itace neman jini ne a jikin fara.

A kewayen Daura akwai kuma wasu duwatsu da suka fi waɗancan ƙuruciya, 'yan uwan na Filato da na yankin Damagaram, waɗanda suka taso daga narkakken dutse. Su ma babu ruwansu da kwal. Abin da ya fito daga wuta mai narkar da dutse ba zai ajiye ganye ba.

Sai dai a arewacin jihar, ciki har da sassan masarautar Daura, wato Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, akwai rufin yashi da tsakuwa da yumɓu a kan wannan tushe. A nan ne mai neman hujja zai ce to ga wurin kwal. Taswirorin masana sun danganta wani sashe na wannan rufi da shimfiɗar da suka raɗa wa sunan Gundumi, sunan dajin nan na ƙasar Sakkwato, wani sashen kuma ta gabas da shimfiɗar kwarin Tafkin Chadi. Wato Daura tana kan gaɓa ne, tsakanin manyan kwaruruka biyu: na Sakkwato da ya miƙa cikin Nijar ta yamma, da na Chadi ta gabas.

Zama a gaɓa shi ne matsalar. A bakin kwari rufin siriri ne, kamar miyar da ta shafi gefen kwano. Masu haƙar burtsatse a yankin sun san haka da hannunsu, domin sau da yawa ba sa yin nisa sosai suke cin karo da dutse mai tauri. Babu zurfin da zai dafa tsirrai su zama kwal mai daraja.

Launin ƙasar ma shaida ne. Shimfiɗar Gundumi aikin koguna ne masu gudu da suka zubar da tsakuwa da yashi, kuma yawancinta ja ce ko ruwan ɗorawa ko fara-fara. Jan launi tsatsar ƙarfe ce, alamar cewa iska ta yi ta shiga tana fita, abin da kuwa ke hana dagwalo taruwa ke nan. Ana samun guntayen itatuwa a cikin wannan shimfiɗa, amma sun zama dutse, ba sa cin wuta.

To baƙin abin da ke fitowa daga rijiya fa? Yawanci baƙar laka ce mai ɗan sauran ruɓaɓɓen tsiro, ko yashi mai baƙin ƙarfe. Kusa da sama kuma yana iya zama kashin maƙera na zamanin da kakanni ke narka tama, ko tokar wani tsohon kango. Gwajin farko ba ya buƙatar ɗakin bincike. A busar da shi. Kwal ba shi da nauyi, kusan rabin nauyin dutsen da ya kai girmansa yake, kuma idan aka sa shi a wuta zai kama ya ci. Baƙar laka idan ta sha wuta sai ta yi ja kamar tukunya. Ko da an ci sa'a abin ya ɗan yi hayaƙi, zaren ɗanyen kwal mai kaurin yatsa ba mahaƙa ba ne.

Darasin Inugu

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, kuma babu inda ya fi fitowa fili kamar Inugu, garin da kwal ya kafa. Ko inda kwal yake da gaske, yadda ya kwanta a ƙasa shi ke yanke hukunci.

A 1909 ne tawagar binciken ma'adinai ta Turawan mulkin mallaka, wadda Albert Kitson ke ciki, ta gano kwal a yankin Udi. Saboda shi aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka ja layin dogo zuwa Inugu, kuma a 1916 kwal ya fara tafiya bakin teku. A wannan shekara abin da aka haƙo bai kai tan 25,000 ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 ya haura tan 900,000 a shekara.

Ko Daura ta ɗanɗana wannan kwal ba tare da ta gan shi ba. Gyaɗar da manoman ƙasar Daura suka noma, wadda ta bi hanya zuwa Kano ta shiga dalar gyaɗa, jiragen ƙasa masu cin kwal ɗin Inugu ne suka kai ta teku. Akwai kuma jini a cikin labarin: ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan ma'aikatan mahaƙar Iva Valley da ke yajin aiki, suka kashe 21, suka raunata 51. Kisan ya ƙara wa fafutukar neman 'yancin kai ƙarfi a duk faɗin ƙasar.

Abin da ya sa aikin ya yiwu tun farko shi ne tsarin ƙasar. Kwal ɗin Inugu yana cikin shimfiɗar da ake kira Mamu, wadda ta taru kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, a fadamun bakin wani tsohon teku. Akwai shimfiɗun kwal biyar a jere, ɗaya bisa ɗaya, da dutsen laka da na yashi a tsakaninsu. A cikin biyar ɗin, ta uku ce kaɗai ta yi kaurin da ya cancanci wahala, kimanin mita ɗaya da rabi. A lura da wannan: a wurin da ya fi ko'ina suna da kwal a Najeriya, huɗu cikin biyar ba su biya ba.

Shimfiɗar ta uku ta leƙo ne a jikin tudun da ya yi wa garin katanga, kuma ta kwanta kusan a miƙe, da ɗan gangara kaɗan zuwa yamma. Don haka ba sai an haƙa rami mai zurfi daga sama ba. Ana shiga ne ta gefen tudu, a bi shimfiɗar ciki kamar gara, ana barin ginshiƙan kwal suna riƙe rufi. Haka aka yi a Iva Valley da Okpara da Onyeama, da mahaƙar da aka sa wa sunan Muhammadu Ribadu.

Amma a saman wannan kwal akwai wani dutsen yashi mai kauri ƙwarai da ake kira Ajali, mai laushi, mai shan ruwa kamar soso. Shi ne babban rumbun ruwan yankin. Duk lokacin da aka cire kwal, rufin ya tsage, sai ruwan sama ya samu hanyar zubowa cikin ramuka. Ƙara shiga ciki, ƙara gangarawa, ƙara haɗuwa da ruwa. Aka wayi gari ana zuƙe miliyoyin litoci a kullum kafin a fitar da kwal ko kwando ɗaya.

Ruwan ma ba na kirki ba ne. A cikin kwal da dutsen lakar da ke kewaye da shi akwai wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinare, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, lafiya lau. Da ya haɗu da iska da ruwa sai ya haifar da asid. Wannan ruwa mai tsami ya riƙa cin famfunan zuƙar ruwa da bututu, sannan a zubar da shi ya gangara rafuka irin su Ekulu, waɗanda jama'a ke amfani da su.

A ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta kawo wani kamfanin ƙasar Polan, Kopex, da manyan injuna masu yankar kwal a doguwar fuska ɗaya. Injunan sun yi suna a Turai. A Inugu suka gamu da rufi mai rauni, da ruwa mai cin ƙarfe, da karayar ƙasa: wuraren da shimfiɗar ta tsinke, rabinta ya zame sama ko ƙasa, injin ya tarar da dutse a inda yake tsammanin kwal. Ba su daɗe ba suka tsaya.

Gaskiya ne ba duwatsu kaɗai suka kashe Inugu ba. Jiragen ƙasa sun koma man dizal, wutar lantarki ta koma madatsar Kainji da iskar gas, Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa an bar ramuka ruwa ya cika su, ga kuma sakacin da ya cinye kamfanonin gwamnati da yawa. Amma duk yunƙurin farfaɗowa da aka yi bayan haka ya koma ya ci karo da ruwa da rufi. A farkon shekarun 2000 Hukumar Kwal ta Najeriya, wadda aka kafa a 1950, ta daina haƙa. Kwal ɗin yana nan kwance har gobe.

Labarin Lafiya da Obi a Jihar Nasarawa ya fi wannan ɗaci. A can aka samu irin kwal ɗin da ake buƙata wajen narka ƙarfe, aka ɗora masa burin ciyar da masana'antar Ajaokuta. Da aka zurfafa bincike sai aka tarar shimfiɗun sirara ne, ƙasa ta lanƙwasa su ta kakkarya, ga yawan toka da farar wuta. Fiye da shekara 40 ke nan ana ambatonsa a jawabai.

Amma ai maƙwabta suna da shi

Mai musu zai ce Nijar tana haƙar kwal, Gombe ma tana haƙa, me zai hana Daura? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin taswira.

Kwal ɗin Nijar da kamfanin SONICHAR ke haƙa yana Anu Araren ne, kusa da Cirozerin, arewa da Agadas. An kafa kamfanin a 1975, kuma tashar wutarsa mai kimanin megawat 37 ita ke bai wa mahaƙun yuraniyom na Arlit da garin Agadas lantarki. Wannan kwal ya girmi na Inugu nesa ba kusa ba, ya haura shekara miliyan 300, kuma yana cikin wani kwari daban da ke jingine da duwatsun Azbin. Na Salkadamna da ke Jihar Tawa, wanda gwamnatin Nijar ke son gina wa tashar lantarki, musamman bayan da Najeriya ta yanke mata wuta a 2023, yana can cikin tsakiyar kwarin da Daura ke zaune a bakin gaɓarsa. Na Maiganga a Ƙaramar Hukumar Akko ta Jihar Gombe, wanda kamfanin simintin Ashaka ke amfani da shi, yana cikin kwarin Binuwai, dangin na Inugu ne a shekaru.

Duka ukun suna da abu ɗaya da Daura ba ta da shi: kwari mai zurfi da ya yi ta nutsewa yana tara laka. Iyakar ƙasa da Turawa suka shata, ko ta jiha, ba ta da alaƙa da iyakar duwatsu. Kano ma ta fi Daura kusa da Gombe, ba ta kuwa da kwal.

Akwai wani ƙorafi da ya fi wannan nauyi. Mutane da yawa a Arewa sun yi imanin cewa ba a binciki ƙasarsu yadda ya kamata ba, suna kuma kafa hujja da Kolmani, inda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a kan iyakar Bauchi da Gombe a Nuwamban 2022, bayan shekaru ana cewa babu mai a Arewa. Akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafin, domin taswirori masu zurfin bayani ba su wadata ba, waɗanda ke akwai kuma suna kulle a ofisoshi. Sai dai Kolmani ba ta ƙaryata ilimin duwatsu ba. A kwarin Binuwai take, daidai inda masana suka daɗe suna cewa a duba. Ilimin da ya ce a duba can shi ne ya ce kada a ɓata kuɗi a nan. Ba daidai ba ne a karɓi rabinsa mai daɗi a watsar da ɗayan.

Wa ke asara?

Ba maganar aji ba ce kawai. Jita-jitar ma'adini tana da waɗanda take ci. Akwai mai gonar da za a ruɗa ya sayar da gadonsa, ko kuma ya ƙi nomawa yana jiran kamfani. Akwai ɗan kasuwar da za a nuna wa baƙin dutse a leda, a karɓi kuɗinsa da sunan neman lasisi. Ya kamata kowa ya sani cewa a ƙarƙashin Kundin Tsarin Mulki na 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar Gwamnatin Tarayya ne, kuma ofishi ɗaya ne ke bayar da lasisi. Lasisin bincike ma izinin nema ne kurum, ba shaidar cewa akwai wani abu ba.

Mafi muni su ne matasan da za su ɗauki diga da shebur su shiga rami a cikin yashi mara ƙarfi. Ƙasar da ba ta iya riƙe bakin rijiya sai an ɗaure ta da siminti ba za ta riƙe rufin rami a kan mutum ba. Arewa ta ga abin da haƙa ba ilimi ke jawowa: gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, da ramin da ya rufta da ma'aikata a Ƙaramar Hukumar Shiroro ta Jihar Neja a Yunin 2024. Waɗannan ma a wuraren da ma'adinin yake da gaske ke nan.

Arzikin da yake nan

Abin mamaki, tarihin Daura kansa ya nuna abin da ke da daraja a ƙarƙashinta. Labarin da kowane yaro ya sani na Bayajidda da macijiya a rijiyar Kusugu labarin ruwa ne, da wanda ke da ikon ɗibarsa, da ranar da za a ɗiba. Wannan rufin yashi da tsakuwa da ya kasa dafa kwal, shi ne ke riƙe ruwan da rijiyoyi da burtsatse ke zuƙa daga Sandamu zuwa Baure. Siriri ne, damina ce ke cika shi, damina kuwa gajera ce a nan. Ana ta huda shi ko'ina, gida-gida, ba mai lissafin nawa ake cira, nawa ke komawa. Madatsun Sabke da Daberam suna taimakawa, amma ba su ɗauke wa ƙasa nauyin ba.

Da a ce ma an samu kwal a ƙarƙashin wannan yashi, da tambayar farko ita ce ta Inugu: ina za a kai ruwan? Mahaƙa ba ta aiki sai ta zuƙe ruwan da ke samanta. A Inugu, inda ake ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, hakan ya zama masifa. A Daura zai zama musayar rijiyoyin gari da baƙin dutse.

Akwai aiki mai sauƙi da zai amfani kowa. Duk mai haƙar burtsatse yana ratsa shimfiɗun ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana ganin inda yashi ya ƙare, inda yumɓu ya fara, inda ya samu ruwa, inda ya bugi dutse. Wannan ilimi ne mai tsada, amma yawanci yana tafiya da motar haƙar. Ƙananan hukumomin masarautar biyar, tare da hukumar samar da ruwan karkara ta jiha, za su iya wajabta wa kowane mai haƙa ya rubuta abin da ya ratsa, ya ajiye ɗan samfuri daga kowane zurfi, a tara su wuri ɗaya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura na iya zama ma'ajiya, masanan Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero su taimaka da fassara. Cikin 'yan shekaru masarautar za ta mallaki taswirar cikinta, ta san inda ruwa ke raguwa. Idan kuma wani abu baƙi ya fito, hakimi ya san inda zai aika shi: Hukumar Binciken Ma'adinai ta Najeriya tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Sakamakon kuma a karanta shi a bainar jama'a, ko da bai yi daɗi ba.

Maganar girki, wadda ita ce tushen duk wannan buri, amsarta tana sama da ƙasa. Tsallaken iyaka kaɗan, a ƙasashen Matamai da Magarya, manoma sun mayar da gonakinsu dajin gawo ta hanyar kyale kututture ya tofo, su rage rassan su bar masu ƙarfi. Dabarar ta bazu ne daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980, ta kuma farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙasarsu da ta Zango da Mai'aduwa iri ɗaya ce, ruwan samansu bai fi na nan ba. An gwada irin wannan a wannan gefen ma, lokacin da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri da ƙungiyar Oxfam ta jagoranta a ƙananan hukumomi bakwai na arewacin Katsina, wanda ya haɗa renon itatuwa a gona da murhu mai cin itace kaɗan. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye ita ce suna mutuwa ranar da kuɗin baƙi ya ƙare, domin ba a sa su a kasafin jiha.

Idan kuma kwal ɗin ake so lallai, ba sai an haƙa shi a Daura ba. Nijar ta daɗe tana gasa wani kaso na kwal ɗin Anu Araren, ta rage masa hayaƙi, ta sayar wa gidaje don girki. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Daura ya ratsa. Idan ya fara aiki, zai iya kawo tukwanen gas da gasasshen kwal daga inda Allah Ya ajiye su, a farashin da tirela ba za ta iya ba. Sai dai a kula: ɗanyen kwal mai farar wuta guba ne a ɗakin girki, kuma duk wanda zai kawo shi gidajen mutane dole a tilasta masa gwaji kafin buhu ɗaya ya shiga kasuwa.

Wannan shi ne abin da ya kamata 'yan majalisar yankin da masu neman kujera su riƙa amsa tambaya a kansa idan sun zo gaisuwa fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar: nawa aka ware don renon itatuwa a gonaki bana, wa ke ajiye bayanan rijiyoyin da aka haƙa da kuɗin mazaɓu, kuma wane tanadi aka yi a tashar jirgin Daura don sauke makamashin girki.